Sunan da Ke Ƙarƙashin Tasa

Ga ta nan tafe, ku ba ta wuri. Mai tsintsiya a hannu ta ajiye, mai magana a baki ya haɗiye. Wadda zan ba ku rabinta tatsuniya ce, rabinta kuwa a kaina ta faru, kuma har yau ban san inda ɗaya ta ƙare ɗaya ta fara ba.

Sunana Saratu, ko da yake na daɗe ban ji an kira ni da shi ba. Tsufa yakan cinye wa mutum suna: wannan ya ce Mama, wancan ya ce Kaka. Ban yi makaranta ba, kuma za ku ji dalili.

A Nguru aka haife ni. Mahaifina dako yake yi a tashar jirgin ƙasa, a can kuma ya haɗu da waɗanda suka nuna masa hanyar Almasihu, ya bi. Mahaifiyata ta rasu ina goye, don haka uwarsa ce ta rene ni. Iya muke ce mata. Ita ba ta bi ɗanta coci ba, ba ta kuma hana shi ba. Sana'arta banda. Masunta su kawo mata tarwaɗa daga fadama, ta lanƙwasa kowace ta soke jelar a baki, ta jera a kan waya, ta hura wuta a ƙasa. Idan rana ta faɗi, kafin a sauke tuwo, yaran gidan da na maƙwabta sai mu kewaye wutar nan, don hayaƙinta yana korar sauro. Ido na hawaye, ciki na kuka saboda ƙamshin kifi, Iya tana juya banda da hannu ba ta jin zafi. Nan take ba mu tatsuniya.

Tana da na dariya da yawa. Amma idan damina ta yi nisa, ruwa ya fara cika fadama, akwai guda ɗaya da ba ta fashi. Idan za ta fara, sai ta rage murya, ta dubi bakin ƙofa tukuna.

Wai akwai wani dogo a bakin ruwa, ƙafafunsa irin na zalɓe, wuyansa irin na zalɓe, amma fuskarsa ta mutum ce, mai fara'a. Ba ya duka, ba ya cizo, ba ya bin kowa da gudu. Tsinke ɗaya ne a hannunsa. Idan ya ga yarinya ta zo ɗiban ruwa ita kaɗai, sai ya sunkuyo ya yi mata waƙa:

"Yarinya, yarinya, wa ake ce miki?
Faɗa mini in ajiye miki."

Iya takan ja waƙar nan da wata siririyar murya, mu kuwa mu cusa kai cikin cinyar juna. Duk wadda ta faɗa, sai ya zana sunan a kan laka da tsinkensa, ya yi godiya, ya tafi abinsa. Yarinya ta koma gida lafiya lau, ta ci, ta sha, ta yi wasa. Ruwa kuwa yana tahowa, kaɗan kaɗan. Ranar da ya taɓa zanen farko, sai ƙafarta ta yi sanyi. Ranar da ya kai tsakiya, sai ta daina cin abinci. Ranar da ya rufe na ƙarshe, sai ta miƙe tsakiyar wasa, ta nufi fadama, ko waiwaye babu. A kira, a kira, ba ta amsawa, domin sunan ya riga ta tafiya.

"To, Iya, ba magani?" in ji mu.

"Akwai," in ji ta. "Uwa mai ido. Wata mata ta ga 'yarta ta ture ƙwarya, ta taɓa ƙafarta ta ji sanyi. Ba ta tsaya tambaya ba, ta zura da gudu, ƙaya na yanka ta, ta tarar ruwa saura taki ɗaya. Ta sa ƙafa ta murje sunan nan, ta murje, ta murje, har laka ta koma sumul. Ruwa ya zo bai sami kowa ba."

A nan mukan saki numfashi, mu fara ihu. Akwai sauran 'yan kalmomi da takan ƙara a ƙarshe tana kwashe banda, amma wa ke saurare? Yarinya ta tsira, tuwo ya sauka.

Da na ƙara wayo na gane ba don nishaɗi kawai take ba mu wannan ba. Iya tana da ƙane. Zamanin Turawa wani mai alƙalami ya zauna a ƙofar gidan mai unguwa, ya tambayi samari sunayensu, ya rubuta. Bayan kwana kaɗan aka zo da takardar, aka kira, aka ɗebe su aikin dole can wata ƙasa mai duwatsu. Waɗansu sun dawo. Ƙanenta bai dawo ba. Tun daga ranar ba ta sake furta sunansa ba, ko sau ɗaya.

Shi ya sa ranar da malamai suka shigo unguwarmu rubuta yara makaranta, mahaifina yana tasha, Iya ta ɗauke ni ta tura cikin babban kwandon banda, ta rufe da buhu. Ina jin takalmansu. Ina jin wani yana cewa, "Iya, an ce akwai yarinya a gidan nan." Ta ce, "Kifi ne a gidan nan. Ko shi za ku rubuta?" Na fito ina warin hayaƙi, ta rungume ni, ta ce, "Na murje." Shi ke nan karatuna.

Na girma, na yi aure, muka dawo Gashua, na haihu, mijina ya riga ni. Ina zuwa coci, ina waƙa da zumuntar mata, na haddace abin da kunne ya ɗauka. Na ɗauka tatsuniyar Iya ta zauna a Nguru. Ashe ta biyo ni, ta sami wuri a ƙirjina ta kwanta.

Ɗana na fari kafinta ne, yana aiki a Nguru, sai Asabar yake zuwa gida. Matarsa Laraba yarinya ce mai ladabi, ta yi karatu har ta koyar kafin haihuwa ta zaunar da ita. 'Yarsu ta fari sunana aka sa mata, don haka ba mai iya kiranta da shi. Mami ake ce mata. Ni kuwa Takwara nake ce mata, ita ta ce, "Ba ni da takwara marar haƙora."

Shekarun nan ne na rashin kwanciyar hankali, lokacin da fita ba ta da daɗi, kowace hanya a tsayar da mota a ce kowa ya nuna takardar da sunansa ke ciki. Duk Asabar ina zaune bakin ƙofa har sai na ji muryar ɗana. Mami tana da shekara huɗu da rabi. Laraba ta ce ba za ta riƙa ratsa gari da ita kullum ba, za ta fara mata a gida, kafin lokacin firamare ya yi. Uban ya yanko katako, ya shafa masa baƙin fenti, ya zama allo. Aka sayo alli.

Kowace safiya bayan koko, Laraba ta shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya, jariri a baya. Su fara da addu'a, Mami ta rufe ido ɗaya ta bar ɗaya yana kallon akuya. Su yi waƙa da tafi. Sai labari: yau makiyayin da ya san kowace tunkiya, gobe mutumin da ya sassaƙa jirgi tun ba a ga hadari ba. Bayan nan rubutu. Sanda a tsaye, sanda a kwance, zagaye kamar ƙosai. Laraba ta ɗiga ɗigo-ɗigo, ta kama hannun yarinyar su bi tare. Mami ta fito da harshe waje, alli ya karye, ta ce allin ne ba ya ji. Ni ina gefe ina tsince wake, raina fes. Sanda da ƙosai ba su taɓa ɗauke ɗan kowa ba.

Sai wata safiya, damina ta yi nisa, na ji Laraba ta ce, "Yau sunanki za mu rubuta."

Wake ya zube daga hannuna.

Ta fara da darasi, kamar yadda ta saba. Ta ce Allah yana da babban littafi a sama, duk waɗanda suke nasa sunansu na ciki, bai manta da ko ɗaya ba.

Mami ta ce, "Da alli yake rubutawa?"

"Da abin da ya fi alli."

"Yana gogewa?"

A daidai nan jaririn ya tsala kuka, ga miya tana ƙonewa a wuta. Laraba ta miƙe tana jijjiga shi, ta ce da wasa, "Ki dai ci gaba da rashin ji, ki gani." Magana ce irin ta uwa mai aiki biyu a hannu. Ta faɗa ta manta. Yarinya ba ta manta ba.

Kwana uku suna fama, ran na huɗu Mami ta rubuta shi da kanta. Ta kawo mini allon da gudu, "Kaka, duba!" Na duba. Zane shida. Na farkon a lanƙwashe yake kamar maciji ya ɗaga kai. Na ji tafin ƙafata ya yi sanyi. Na ce, "Ya yi kyau," da bakin da ba nawa ba.

Laraba ta ce a bar shi kada a goge, Baba ya zo Asabar ya gani. Aka jingina allon a bango. Da rana Laraba ta tafi famfo, Mami ta yi barci. Gidan ya yi tsit. Daga tsakar gidanmu ana jin kwaɗin bakin kogi, a kwanakin nan kuwa kowa a Gashua maganarsa ɗaya: ruwa ya kai ina yau? Na zauna ina kallon allon, allon yana kallona. Na ce wa kaina, Saratu, ke mai bi ce, wannan tatsuniya ce. Na yi addu'a. Na gama addu'a, na miƙe, na jiƙa bakin zanena, na murje.

Da Mami ta tashi ta ga allo baƙi wuluk, ta yi kuka. Laraba ta ce, "Akuyar nan ce, ta lashe. Gishiri take nema." Aka yi wa akuya bulala biyu, aka ɗaure ta. Na ci gaba da tsince wakena.

Washegari aka sake rubutawa, aka rataye a ƙusa inda akuya ba ta kaiwa. Na murje. Aka kai ɗaki aka ɗora a kan akwati. Na murje. Laraba ta fara zargin danshin damina, har ta ce allin na yanzu ba shi da kirki. Ba ta taɓa kawo ni a ranta ba. Wa zai zargi tsohuwa da faifan wake? Kowace rana ina cewa yau ce ta ƙarshe, kowace rana in ji an ce ruwa ya ƙaru, ya ci gonar shinkafar wane, ya shiga bayan gidan wane.

Abin da ban lura ba, Mami ta daina kuka. Ta tashi daga barci, ta je ta duba, ta dawo ta zauna. Ta daina tsokanata. Na ce, "Takwara, yau ba za a zagi haƙorana ba?" Ta dube ni kawai. Ta fara kwashe kwanuka ba a sa ta ba. Lokacin addu'a ta runtse ido biyu gam, har goshinta ya tattare. Ran Juma'a ta ture kwanon tuwo.

Ta ture kwano. Kun ji abin da na ce? Kamar yarinyar tatsuniya. Na miƙa hannu na taɓa ƙafarta, na ji sanyi, jikinta kuwa da ɗumi. Na ce a raina, akwai inda ta rubuta ban gani ba. Na bincike gidan nan kaf, bayan randa, ƙarƙashin tabarma, jikin ƙofa. Ban sami komai ba.

Asabar da hantsi uban ya aiko cewa hanya ta yanke, ruwa ya hau titi, ba zai iso ba. An yi ruwa da asuba, tsakar gida ta yi laushi, ga wani hadarin ya sake haɗowa daga gabas, baƙi ƙirin. Laraba tana ɗaki tana shayarwa. Na fito kwashe shanya, sai na gan shi.

A tsakiyar fili, a kan laka, da tsinke. Zane shida, manya manya, macijin nan a gaba. Tsinken ma yana nan a yashe. Daga bakin magudana kuwa ruwan asuba da bai gama fita ba yana kwance, taki uku tsakaninsu.

Ban san lokacin da na isa wurin ba. Ban ga tsakar gida ba, fadamar Nguru na gani. Na ji hayaƙin banda a hancina. Na ji siririyar muryar nan, faɗa mini in ajiye miki. Na ɗaga ƙafa.

Sai ga Mami ta fito daga madafa, tana jan babbar tasar wanki da hannu biyu, tasar ta fi ta girma. Ba ta ko dube ni ba. Ta ja, ta ja, ta kifa a kan sunan, ta hau kai ta kwanta rub da ciki. Ɗigon farko ya fara sauka. Ta ɗaga fuska sama, ta ce:

"Yesu, don Allah kada ka goge wannan. Na rubuta a waje don ka gani sosai. Ni na shanye madarar jariri, sau biyu. Ni na ce wa Kaka marar haƙora. Na daina. Na daina duka. Kada ka goge ni."

Ƙafata tana sama. Ban san yadda na sauke ta ba.

Na ɗauke ta daga kan tasar, jikinta kamar garwashi. Na ƙwala wa Laraba kira. Maƙwabcinmu Ba Modu, Allah ya saka masa, ya fito da kekensa mai ƙafa uku cikin ruwan nan, bai tsaya neman laima ba. Ana sa ta ciki tana miƙo hannu, "Kaka, tasar! Kada a ɗaga! Kada ruwa ya shiga!" Suka tafi asibiti, jariri a bayan uwarsa. Aka bar ni ni kaɗai, da tasa, da ruwan sama.

Jama'a, na ga tsoro a rayuwata. Na binne miji, na binne 'ya'ya biyu. Amma ban taɓa tsayawa tsakanin tsoro biyu irin na ranar ba. Idan na bari ruwa ya rufe sunan, ga abin da Iya ta faɗa. Idan na murje, ga abin da yarinyar ta roƙa, kuma da wane ido zan dube ta? Magudana ta cika ta fara mayarwa. Taki uku ya koma biyu. Na durƙusa a laka, na ɗaga gefen tasar kaɗan. Yana nan, bai taɓu ba. Hannuna ya miƙa da kansa.

A nan, ina durƙushe, ƙarshen tatsuniyar ya dawo mini. 'Yan kalmomin nan da Iya takan faɗa tana kwashe banda, mu muna ihu. Shekara sittin da wani abu suna kwance a kunnena ban ji su ba sai ranar. Ta ce: matar ta koma gida da murna, ta buɗe baki za ta kira 'yarta, sai ta ji ba komai a bakin. Ta tambayi uban, ya ce ya manta. Ta tambayi gari, ba wanda ya tuna. Yarinya ta rayu, ta tsufa, ana ce mata "ke". In an raba abu a tsallake ta, in an ƙirga mutane a manta da ita, domin uwarta ta murje da kyau.

Na janye hannuna. Na mayar da tasar.

Na shiga na ɗauko fartanya. Ni 'yar bakin ruwa ce, na san yadda ake tare shi. Na ja kunya kewaye da tasar, irin ta gona, na datse da laka, na daddanna da tafin hannu. Ruwa ya ci gefe ɗaya, na sake ɗorawa. Na haƙa masa wata hanya ta bayan turken akuya. Na ɗauko ƙwarya ina kwalfe wanda ya tsallako. Ina yi ina addu'a, ba irin ta coci mai tsari ba. Cewa kawai nake, "Ubangiji, ni ce, ba kai ba ne. Ka san ni ce. Kada ka kama yarinya da laifin tsohuwa."

Haka Laraba ta same ni da la'asar, ta dawo ɗaukar zani da kunu. Ta tsaya a bakin ƙofa.

"Mama! Me kike yi cikin ruwa? So kike ku zama biyu a gadon asibiti?"

"Ya jikinta?"

"Zazzaɓin sauro ne, an sa mata ruwa. Amma ta ƙi kwantar da hankali, sai maganar tasa take. Wai Allah yana goge ta. Ban san inda ta samo wannan ba." Sai ta dafe baki. Ta tuna maganarta ta ranar nan.

Na ce, "Rabi naki ne. Rabi mai yawan nawa ne. Zauna."

Ba ta zauna ba, ba wurin zama. A tsaye na faɗa mata duka: dogo mai ƙafar zalɓe, ƙanen Iya, kwandon banda, bakin zanena. Na ga fuskarta ta canza. Da ƙanwarta ce ni, da na sha magana ranar. Ta haɗiye, ta haɗiye, ta ce, "Mama, kwana biyar. Kina kallo tana ramewa."

"Ina kallo. Na ɗauka ceto nake."

Ta zo ta durƙusa kusa da ni, ta ɗaga tasar. Muka dube shi tare. Can ta ce, a hankali, "Mama, kin san abin da aka rubuta a nan?"

"Mami mana."

"Mami huɗu ne. Ƙirga."

Na ƙirga. Shida.

"To mene ne?"

Ta sunkuyar da kai. "Bakina ba zai iya ba, Mama. Ban taɓa faɗa a gabanki ba, ba kuwa yau zan fara ba. Ko a darasi harafi harafi nake kira mata."

Sai na gane. Kwana tara ina zaune taki biyar daga tabarmarsu, ban ji an ambaci sunan ba ko sau ɗaya, saboda surukata mai kunya ce. Sunan yanka ta koya mata. Abin da Iya ta ɓoye a kwando, abin da ba a taɓa sawa a takarda ba sai dai in dangwala yatsa, ga shi kwance a laka, yarinya 'yar shekara huɗu ta zana. Ranar na fara ganin fuskar sunana. Ashe shi nake murjewa.

Na bi ta asibiti da lakar a ƙafata. Mami tana kwance, allura a bayan hannu, ido ya faɗa. Tana ganina ta ce, "Ya shiga?"

"Bai shiga ba. Na yi masa kunya, na tsare. Yana nan, duka shida."

Ta lumshe ido. Na kama ɗan hannun da ba allura, na ce, "Takwara, ki ji ni da kyau. Ba Allah ke gogewa ba. Bai taɓa gogewa ba, ko ran da kika sha madara. Ni ce. Da bakin zanena."

Ta buɗe ido. "Ke?"

"Ni."

"Don na ce miki marar haƙora?"

"A'a. Don ina jin tsoro. An ba ni wata tatsuniya ina ƙarama, ban saurari ƙarshenta ba."

Ta daɗe tana kallona. Ina jira ta juya mini baya. Sai ta ce, "To akuya fa? An dake ta a banza."

Laraba ta fashe da dariya tana hawaye. Ni ban iya dariya ba. Na ce zan ba akuya haƙuri. Ta ce, "Da dusa." Na ce da dusa. Ta ce a ba ta kunu.

Kwana uku ta yi a can, kwana uku ina gadin tasa. Ruwan kogi ya zo har bakin lungunmu a shekarar, ya tsaya, ya koma. Ba zan ce muku tsoron ya fita daga jikina a ranar ba. Ƙarya ne. Duk safiya sai na taɓa ƙafarta. Amma da ta dawo gida muka ɗaga tasar tare, rana ta busar da sunan har ya tsattsage, ta kama yatsana ta bi da shi a kai.

Na ce, "Wannan macijin fa?"

"Ba maciji ba ne, Kaka, ƙugiya ce ta kama kifi. Wannan ƙosai da sanda. Wannan ɗan reshe. Ƙosai kuma. Wannan gicciye. Na ƙarshe ƙwarya, an buɗe ta sama."

"To nawa ne ko naki?"

Ta yi tunani. "Namu ne. Amma ni na iya."

Ga yadda kowa ya ƙare. Akuya ta ci dusarta, ta haifi biyu a shekarar. Laraba ba ta sake yi wa yaro wasa da littafin Allah ba, kuma yaran unguwa da yawa a tabarmarta suka fara riƙe alli. Har yau ba ta furta sunan, ko da ta yi fushi da 'yarta. Ɗana da ya ji labari sai ya yanko wani allon, ƙarami, ya ajiye a bakin ƙofata. Wata biyar na yi ina fama da ƙugiya, tana juya mini baya. Yanzu na iya shida ɗin nan, ban ƙara ko ɗaya a kai ba, sun ishe ni. Mami ta zama budurwa, tana gab da gama sakandare, ita ce ma ke riƙe da biro ina faɗa, tana cewa in rage maimaici.

Iya tana kwance a Nguru. Ban riƙe ta da komai ba. Abin da ta gani da idonta ta tsare ni daga gare shi, da iyakar abin da ta sani, kuma ba ta ɓoye mini ƙarshen labarin ba, ni ce ban saurara ba. Ƙanenta kuwa, wanda aka rubuta aka ɗauka, na tambayi duk tsofaffin danginmu kafin su ƙare. Ba wanda ya san yadda ake kiransa. Masu alƙalami sun ɗauke shi, amma a gida aka murje shi, don ƙauna. Idan ina addu'a nakan ce, "Ubangiji, da ƙanen Iya. Kai ka san sunan."

Ƙurunƙus, tatsuniya ta koma ruwa. Miƙo biron nan, Takwara, sunan da ke ƙasa ni zan sa da hannuna.

Saratu